Ganuwar Garinmu Tana Ƙarewa: Shin Allon Tarihi Zai Cece Ta?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye na ƙasar Argungu. A bayan garinmu akwai ragowar tsohuwar ganuwa da ramukan marina, amma masu gini suna ɗibar ƙasar ganuwar suna yin tubali, gonaki kuma sun fara cinye marinar. Matasanmu suna son kafa allo mai bayanin tarihin wurin, sai dai wasu dattawa sun ce ɓarnar kuɗi ce, wasu kuma suna tsoron kada a mai da wurin abin neman tabarraki. Wace shawara za ka ba mu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya saka muku da alheri. Ku kafa allon, amma kada shi ne ya zama farkon aikinku, domin allo ba ya riƙe tarihi sai da mutanen da suke kula da wurin.

Misalin yana kusa da ku. Surame, birnin da Muhammadu Kanta, Sarkin Kabi, ya gina a ƙarni na 16 da ganuwar duwatsu, gwamnati ta sanya shi cikin wuraren tarihi na ƙasa tun 1964, amma har yau kufai ne a daji, a ƙasar Binji ta Jihar Sakkwato, kuma Kabawa da yawa sun tsufa ba su taɓa taka shi ba. Tsohuwar fadar Argungu kuwa, wadda sarakunan Kabi suka zauna a cikinta har 1942, aka buɗe ta a matsayin Gidan Tarihi na Kanta a 1958, tana nan da ranta, saboda akwai mai share ta, akwai mai tsayawa gaban tambura da makaman yaƙi ya yi wa yaro bayani. Abin da ya raba su shi ne sawun mutane.

Saboda haka ku fara da bakin dattawan, har da waɗanda suka ce ɓarna ce. Ku je musu da wayar hannu bayan la'asar, ku ɗauki muryarsu: wa ya gina ganuwar, don tsoron wa, ƙofofi nawa gare ta, wane gida ne ya gaji rini. Kada ku tsallake tsofaffin mata, domin sau da yawa kirarin gari da sunayen kakanni suna cikin waƙar da suke yi a bakin turmi. Wannan ne ya fi damuna, don ganuwar da ta zube tana barin tudu a gane gurbinta, amma tsohon da ya rasu yana tafiya da abin da ya sani gaba ɗaya. Idan ruwaya biyu ta saɓa, ku rubuta duka biyun, kada ku zaɓi wadda ta fi yi wa gidan sarauta daɗi.

Bayan haka ku kai maganar gaban dagaci da uban ƙasa, a shata iyakar wurin a gaban masu gonakin, a nuna wa masu tubali wani kududdufin da za su ɗebi ƙasa, sannan ku rubuta wa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa.

Tsoron dattawan game da tabarraki abin girmamawa ne. Ku sa limamin gari cikin shawarar, ku nisanta allon daga kushewa, a gane cewa bayani ne don ilimi.

Shi kansa allon, ku zuba shi da siminti, a zana rubutun tun yana ɗanye, don na ƙarfe ba ya kwana biyu 'yan jari-bola sun yi gaba da shi, fenti kuma damina biyu ta ishe shi. Ku rubuta da boko da ajami, layi biyar ko shida, kuma kada ku sa shekarar da ba ku tabbatar ba. Ranar da aka gama, Malam, ka kwaso 'yan aji shida, ka sa ɗaya daga cikin dattawan nan ya tsaya kan tudun ya nuna musu inda ƙofar gabas take.