Amsa: ƴar tsohuwar bindigar kakanka da kake son riƙewa a jiki

Malam kace ka samu ƙaramar bindiga mai gidan harsashi shida a akwatin marigayi kakanka tsohon sojan Bama, kana so ka riƙa sata a ƙugu saboda hanyar Alkaleri da dare. Wlh na fahimci tsoronka, nima ina bin hanyar nan zuwa Gombe, amma dan Allah kar ka fara.

A dokar bindigogi ta Najeriya ta 1959, fistol da irin wannan mai juyawa suna cikin bindigogin da aka haramta gaba ɗaya, shugaban ƙasa kaɗai ke bada lasisinsu, ba kamar bindigar toka ba ko ta farauta da ƴan sanda ke iya bada izini. In aka kama ka da ita a shingen bincike maganar shekara 10 ake yi a gidan yari, kuma gado baya zama lasisi.

Sannan ita kanta, in Webley ce, wato ƙirar Ingila ta zamanin Turawa, ta haura shekara 80, mai yiwuwa sifirin ya saki ko gidan harsashin baya daidaita da bakin, harsashin da ya daɗe a ajiye kuma yana iya ƙin tashi ko ya tashi a makare a hannunka.

Ka nemi lauya ko mai unguwarku ya raka ka wajen DPO ku miƙa ta a rubuce, kar ka ɗauko ta kai kaɗai. Tafiyar kuma ka maida ta rana.