Kafin ka sayi sabon katin sauti, gano inda sautin ya maƙale

Tambaya: Na ɗora Ubuntu a kwamfutata ta cinya. Komai yana aiki, amma sauti ko ƙis. A wurin saiti an rubuta "Dummy Output". Abokina ya ce katin sautin ne ya mutu, in sayi na USB. Me ka gani?

Amsa: Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka tukuna. Idan kwamfutar tana magana kafin ka canza mata manhaja, da wuya a ce katin ya mutu daidai ranar da Linux ta hau (Ubuntu wani nau'in Linux ne). Ina jin takaicin yadda ake hukunta na'ura lafiyayya saboda saiti ɗaya.

Sauti a Linux hawa biyu ne. A ƙasa akwai ALSA, wadda ke cikin kanel, wato zuciyar Linux, ita ce mai magana da katin kai tsaye. A sama akwai mai rarraba sauti ga manhajoji, wato PulseAudio ko PipeWire, kuma Ubuntu ta koma PipeWire tun daga 22.10. Rubutun da ka gani yana nufin na saman ya duba bai sami katin da zai miƙa wa sauti ba, sai ya ajiye na bogi. To tambayi na ƙasan: buɗe taminal, wato tagar rubuta umarni, ka rubuta aplay -l.

Idan bai lissafo kati ko ɗaya ba, abin da na fi zargi shi ne rashin Sound Open Firmware, wata ƙaramar manhaja da ɓangaren sautin kwamfutar ke bukata. Yawancin sababbin kwamfutocin cinya masu Intel ba sa fitar da sauti sai da shi. A Ubuntu da Debian sunan ƙunshin firmware-sof-signed, a Fedora kuwa alsa-sof-firmware. Ɗora shi, ka kashe kwamfutar ka sake kunnawa.

Idan kuwa katin ya fito, rubuta alsamixer, danna F6 ka zaɓe shi. Duk layin da ka ga MM a ƙasansa an toshe masa baki ne, danna M ya koma 00. Sannan ka leƙa pavucontrol, manhajar zaɓar inda sauti zai fita, domin sau da yawa sautin yana can yana tafiya ta HDMI zuwa talabijin ɗin da ba a ma jona ba.

Akwai kuma wadda ke ruɗa mutane: iyafis yana aiki, lasifikar jikin kwamfutar shiru. Wasu sababbin na'urori suna da ƙaramin amfilifaya na daban, irin na Cirrus Logic, wanda tsohon kanel bai san shi ba. Zuba sabon fitowar Ubuntu ko Fedora a filasha, ka tayar da kwamfutar daga nan ba tare da ka goge komai ba. In ta yi magana, sabon kanel kake bukata.

Tambaya: Ina son naɗar muryata da makirufo mai kyau, kuma Linux nake amfani da ita. Wace na'urar sauti zan saya?

Amsa: 'Yar'uwa, ke kam saye ya kama ki, domin katin jikin kwamfuta yakan shigo da ƙugi cikin naɗi. Nemi ta USB wadda aka rubuta "class compliant" a bayaninta. Ma'anarsa ta bi ƙa'idar sauti ta USB, manhajar snd-usb-audio da ke cikin kanel za ta karɓe ta da zarar kin jona. Focusrite Scarlett na cikin waɗanda suka daɗe suna aiki haka. Ki guji wadda ba a iya saita ta sai da manhajar Windows ko macOS. In makirufonki kondensa ne mai jonin XLR, tabbatar na'urar tana ba da wutar 48V.

Ranar da ta iso, jona ta ki rubuta arecord -l a taminal ki ga ko ta fito a jerin, sannan ki naɗi minti ɗaya ki saurara tun ana iya mayar da ita.