Tambayoyin masu karatu: tsohon agogon zinariya da hatiminsa

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifinmu ya rasu ya bar agogon hannu na Omega, irin wanda ake murɗawa da hannu. Za a raba gado, wasu daga cikin ƴan'uwa sun ce zinariya ce, wasu sun ce ruwan zinariya ne kawai aka yi masa. Ta yaya za mu gane? Daga wani mai karatu a Tawa.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Kafin komai, Malam, kada a bari kowa ya kankare shi da magagari ko ya ɗiga masa ruwan gwaji. Shaidar tana rubuce a jikinsa.

Fara juya shi ka karanta murfin baya. In ka ga "Plaqué or G 20", ruwan zinariya ne mai kaurin mikiron 20, wato kashi ɗaya cikin hamsin na milimita. In ka ga "fond acier inoxydable", murfin baƙin ƙarfe ne mara tsatsa, saman kuma ruwa ne ko siririn lulluɓi. Dubi kuma kunnuwan da ake maƙala madauri: inda gefensu ya cinye har wani launi ya leƙo, ko zufa ta bar kore-kore, tagulla ce a ƙasa.

In bayan babu rubutu, sai a kai wa mai gyaran agogo ya buɗe, a cikin ɗaki, bisa tsabtataccen ƙyalle, musamman lokacin da iskar hunturu ke ɗauke da ƙura. Wani murfin ɓamɓarewa ake yi, wani kwancewa da makulli. Akwai kuma irin Seamaster De Ville na shekarun 1960 da yawancinsu ba su da murfin baya sam, ta gilashi ake fitar da injin. An lalata irinsu da yawa da bakin wuƙa.

Da madubi mai ƙara girma sau 10, ku nemi abu uku a cikin murfin. Lamba: 750 karat 18 ke nan, 585 karat 14, 375 karat 9. Sai hatimin hukumar Suwis, ƙarami kamar ƙwayar gero: kan mace mai kallon gefe, wadda ake kira Helvetia, na karat 18 ne, kurege na karat 14. Tun 1995 kan kare ya maye gurbinsu, don haka agogon da aka ce na 1965 ne amma yana ɗauke da kan kare, an sauya masa gida, wato ƙarfen da injin ke zaune a cikinsa, ko murfi. Na uku tambarin wanda ya ƙera gidan, wanda doka ta wajabta tun 1934: sau da yawa kan guduma ne ko makulli, da lamba a jiki. Hatimin hukumar yakan sake fitowa a bayan kunne ɗaya ko a gefen gidan. Wannan na biyun ya fi muhimmanci, domin murfi ana iya aro shi daga wani agogo.

Agogon da suka biyo ta Faransa sukan zo da kan gaggafa, alamar karat 18, ko mujiya, wadda ake buga wa kayan da aka shigo da su. Tambarin maƙerin Faransa mai siffar lu'ulu'u na zinariya ne, mai kusurwa huɗu daidai na kayan ruwa ne.

Wajen ƙiyasta kuɗi don gado, a auna gidan shi kaɗai, ba inji, ba gilashi, ba zoben da ke riƙe injin. Gidan da ya yi giram 16 a 750 yana da giram 12 na zinariya tsantsa. Amma shawararmu kada a narka shi. In inji da fuska na asali ne, agogon a raye yakan fi nauyinsa daraja.

Tambaya: An kawo mini agogo a Babbar Kasuwar Yamai, an buga 750 a bayansa, maganaɗisu bai kama shi ba. In saya? Daga wata Hajiya a Yamai.

Amsa: Ki dakata tukuna, Hajiya. Ƙarfen buga 750 kowa na iya mallakarsa, lamba ita kaɗai ba hatimin hukuma ba shaida ba ce. Maganaɗisu kuwa ba ya kama tagulla, kamar yadda ba ya kama zinariya, kuma yana iya shiga siririyar wayar da ke daidaita tafiyar agogo, ya riƙa gudu. Ko goga shi a dutsen gwaji na maƙera saman kawai yake nunawa, ruwa mai kauri yakan tsallake.

Ki sa a buɗe a gabanki. Sunan da ke fuska dole ya dace da wanda ke kan inji. A Omega lambar siriyal tana kan injin, lambar samfuri tana cikin murfi, kuma ana iya bincika a intanet ko wannan injin shi ne na wannan samfurin. A tsohon Rolex sai an cire madauri: lambar samfuri tana tsakanin kunnuwa wajen ƙarfe 12, siriyal wajen ƙarfe 6. Injin da ke girgiza a gidansa, ko aka tokare shi da roba, ba nan aka haife shi ba. Mai sayarwar da ya ƙi a buɗe, ki mayar masa da kayansa.

Tambaya: Fuskar nawa ta yi dabbare-dabbare. In sa a sake fenti a goge gidan? Daga wani mai karatu a Yamai.

Amsa: A'a. Guga da inji tana cin zinariya, ta shafe hatimin kunne, fuskar da aka sake wa fenti kuma tana karya kuɗin agogo ƙwarai. Ƙyalle mai laushi ya isa. In agogon ya girmi shekarun 1960 kuma lambobinsa na da abin haskawa da dare, mai yiwuwa radiyom ne, wani sinadari mai cutar da lafiya, kada a kankare shi ko a hura ƙurarsa. Abin da yake bukata shi ne a wanke injin a sa masa mai duk shekara 4 ko 5.