Tambaya da Amsa: Rajistar Sunan Sana'a da Batun Haraji

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni tela ce a Unguwar Rogo da ke Jos, kuma shekara shida ke nan ina ɗinki da sunan shagona. Wata makarantar kuɗi ta nemi in ɗinka mata kayan ɗalibai, amma ta ce sai na kawo takardar rajista da lambar haraji kafin a ba ni aikin. Mijina yana ganin yin rajista tamkar kai kanmu ne ga masu karɓar haraji. Mene ne gaskiyar lamarin?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Fargabar maigidanki ba baƙuwa ba ce a wurin 'yan kasuwa, sai dai haraji yana hawa kan wanda yake samun kuɗin shiga ne, ko ya yi rajista ko bai yi ba. Abin da rajista take ƙara miki shi ne damar shiga inda a da ake rufe miki ƙofa.

Dokar kamfanoni ta 2020 ta tanadi cewa duk mai sana'a da wani suna wanda ba ainihin sunansa na yanka da na mahaifi ba, ya yi wa sunan rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, cikin kwana 28 da fara harkar. Ana yin komai ta shafin hukumar na intanet: a fara neman a keɓe miki suna, sannan a cike bayanai da lambarki ta NIN da adireshin shago, a ɗora hoto da sa hannu, a biya kuɗin hukuma. Idan kin wakilta wani a shagon kwamfuta, ki tabbata lambar wayarki da imel ɗinki aka saka, ba nasa ba, domin da yawa sukan gano wannan kuskure ne ranar da suka so gyara wani abu, mai shagon kuma ya tashi.

Akwai abin da ba a cika gaya wa mutane ba, kuma a ganina shi ne mafi muhimmanci. Rajistar suna ba ta mayar da shagonki kamfani mai zaman kansa. A idon doka ke ce shagon, shagon kuma ke ce, don haka idan aka ci bashin yadi da sunan shago aka kasa biya, dukiyarki ta gida ma ba ta tsira ba. Wannan ne dalilin da ya sa harajinki ba na kamfani ba ne, harajin kuɗin shiga ne na mutum, kuma tunda a Jos kike zaune, Hukumar Tattara Haraji ta Jihar Filato za ki biya. Can za ki miƙa bayanin abin da kika samu a shekarar da ta gabata kafin ƙarshen watan Maris, can ne kuma ake ba da takardar shaidar biyan haraji, wadda masu ba da kwangila suke yawan tambaya.

Sabuwar dokar haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, ta yafe haraji a kan naira 800,000 na farko a shekara, sannan ta ɗora kashi 15 cikin ɗari a kan naira miliyan 2.2 da ke biye. A lura cewa riba ake dubawa, ba cinikin da ya shigo ba. Idan bayan kin cire kuɗin yadi da zare da man janareta da hayar shago da ladan yaran aiki ribarki ta tsaya a naira miliyan 1.5, to naira 700,000 ne kawai za a taɓa, harajin ya kama naira 105,000, kuma yana iya raguwa idan kina da hujjar biyan hayar gidan zama.

Wannan lissafi ba ya yiwuwa sai da rubutu. Ki sayi littafi mai bangon kwali, ki raba kowane shafi biyu, shiga a dama fita a hagu, ki riƙa rubutawa kullum kafin ki rufe shago, rasit ɗin yadi kuma ki soke su a ƙusa ko ki zuba a gwangwani. Wanda ya je wurin jami'in haraji hannu rabbana, ƙiyasi za a yi masa, ƙiyasi kuwa ba kasafai yake yi wa mai sana'a daɗi ba. Ki kuma buɗe asusun banki da sunan shagon, kada kuɗin cefane da na biki su gauraya da na ɗinki.

Idan makarantar ta cire wani kaso daga kuɗinki da sunan haraji kafin ta biya ki, ki nemi shaidar cewa ta kai shi hukuma, domin za a rage miki shi daga harajin shekara. Sannan kada ki manta da CAC bayan karɓar takarda: ban da shekarar da aka yi rajistar, kowace shekara ana miƙa mata bayanin shekara kafin ƙarshen watan Yuni, wanda ya yi jinkiri kuma tara ce za ta riƙa taruwa a kansa.