Amsa: Ƙofar katako da teburin cin abinci, wane itace ya fi?

Hajiya, kin ce za ki ba kafinta aikin ƙofar falo da teburin cin abinci a gidanki na Gwarinpa, Abuja, kina tambayar madaci ko tik (teak). Duka biyun masu kyau ne, sai dai kafin ki zaɓi iri, ki fara tambayar ko katakon ya bushe.

Yawancin katakon da ake saukewa a kasuwar katako ta Dei-Dei daga kudu yake zuwa da danshinsa. Idan aka yi aiki da shi a haka, da hunturu ya kama sai ya tsuke. Ni ya taɓa faruwa da ni: an kafa min ƙofa a watan Agusta, kafin Janairu tsakiyarta ta tsage har ana hango hasken waje, makullin ma ya daina shiga. Kafintan ya ce wai iska ce. Ba ƙarya ya yi ba, amma ai shi ya sayo ɗanyen katako.

Ga ƙofar da ruwa da rana za su taɓa, ni na fi son iroko ko tik, gara ba ta cika damunsu ba. Teburi kuwa madaci ya isa, jan launinsa ma ado ne. MDF, wato allon da ake haɗawa da garin katako da gam, ki bar shi ga durowar ɗaki, ruwa na taɓa shi yake kumbura.

Ki leƙa kasuwar kayan ɗaki ta Kugbo ki juya teburin da kafintoci suka gama ki duba ƙarƙashinsa. In haɗin sassaƙa ne, ƙafa ta shige cikin rami da gam, madalla. In ƙusa ce kawai aka lulluɓe da fenti, ki wuce gaba. Kuma kada ki biya kuɗin duka tun farko, rabi ya wadatar, sauran sai an kafa ƙofar kin buɗe kin rufe da hannunki.