Amsa ga ƙaninmu mai tambaya a kan filtar shuɗin haske da zafin ido

Assalamu alaikum. Ƙanina mai aikin shigar da bayanan fasfo da biza a ofishin Umara a Makka, sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Abubuwan da ka lissafa, ido na yaji daga la'asar, ka ji kamar an watsa maka yashi a ciki, rubutu ya dusashe sai ka ƙifta sannan ya dawo, ga ciwon kai a goshi, duk mai neman abincinsa a gaban kwamfuta a ƙasar nan ya san su. Ni ma na san su, shi ya sa na kasa wuce tambayarka. Ka ce mai shagon tabarau ya faɗa maka shuɗin hasken allo ne ke ƙona maka ido, ya yanka maka riyal 450 kuɗin gilashi mai filta, wani kuma ya ba ka shawarar filtar da ake ratayawa a jikin allon, kana tambaya wanne za ka saya. Don Allah ka riƙe kuɗinka tukuna. Kada ka sayi ko ɗaya a makon nan.

Abin da wasu masu shagunan nan ke yi wa mutanenmu yana ɓata mini rai ƙwarai. Mutum ya zo da ido jajur, yana tsoron kada ya makance a ƙasar da ba tasa ba, ga iyali a gida suna jiran abin da zai aika, maimakon a auna shi yadda ya kamata sai a ɗauko ɗan tocila mai kamar biro da wani farin kati. A haska katin ya yi duhu, a sa gilashin a tsakani a sake haskawa, katin bai canza ba, a ce maka ka gani da idonka. Wa zai yi musu? To, hasken wannan biron yana wajen nanomita 405 ne a ma'aunin tsawon zangon haske, can gefen da ido bai cika gani ba. Shuɗin da allon kwamfuta ke fitarwa kuwa ƙarfinsa yana wajen 450. Gilashin ya tare na biro, amma mafi yawan na allo wucewa yake yi. Farin gilashi mai irin wannan shafe abin da yake ragewa na shuɗin haske bai wuce kashi 10 zuwa 25 cikin ɗari ba. Wanda ke tare shi sosai sai ya zama ruwan ɗorawa ko ruwan lemo a ido, ba za ka iya duba hoton fasfo da shi ba. Sun san haka, ko kuma ya kamata su sani, tunda sana'arsu ce. Kuma abin takaicin, da ka dawo bayan wata guda ka ce ido bai daina ba, sai a ce ai ƙaramin ka saya, akwai mai ƙarfi da ya fi shi tsada. Mai ƙaramin albashi ake yi wa wannan, wanda ba shi da bakin yin gardama da Larabci, wanda yake jin kunyar fita daga shago hannu rabbana bayan an ɓata lokaci a kansa. A Ingila sai da hukumar kula da tallace-tallace ta hana wani babban kamfanin tabarau irin wannan talla a 2015 saboda babu hujja, daga baya aka ci shi tarar fam 40,000. Mu kuwa namu sai dai haƙuri.

Ba ra'ayina kaɗai ba ne. A 2023 masu bincike na Jami'ar Melbourne ta Ostiraliya suka tattara gwaje-gwaje 17 da aka yi a kan mutum 619, aka buga a Cochrane, cibiyar da ke tattara sakamakon binciken lafiya, ba su ga wani bambanci wajen gajiyar ido tsakanin mai gilashin filta da mai gilashin da babu filta ba. Ƙungiyar likitocin ido ta Amurka ma ba ta ba da shawarar sayensa. Shuɗin hasken da idonka ke sha daga rana idan ka taka daga ofis zuwa masallaci da azahar ya ninka na allo nesa ba kusa ba. An bar jaki ne ana dukan taiki.

Abin da ke damunka, bisa yadda ka bayyana, ya fi kama da bushewar ido. Mutum yakan ƙifta wajen sau 15 a minti ɗaya, amma da ya ƙura wa allo ido sai ya koma sau 5 zuwa 7, kuma rabin ƙiftawa yake yi, fatar sama ba ta taɓa ta ƙasa. Mai kwafar lambar fasfo ya fi kowa, don tsoron kuskuren lamba ɗaya ba ya barinsa ya ƙifta. Hawayen da ke lulluɓe da ƙwayar ido sai ya tsage, shi ne dusashewar da kake gani wadda ke washewa idan ka ƙifta. Wannan alamar da kanta ta nuna ba haske ba ne. Sannan ga mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. Tashi ka duba inda iskarsa ke bugawa. Idan a fuskarka take sauka, ka ɗaga fikafikansa sama ko ka juya teburin, ko a saya masa abin karkatar da iska na roba da ake maƙalawa a bakinsa, ba shi da tsada. Wallahi wannan kaɗai yana iya rage rabin wahalar wasu. Haka a mota, kada ka saita iskar a ido.

Allon ma yawanci ana barinsa yadda ya fito daga kwali, haske a 100 ko kusa. Ka ɗauki farar takarda ka riƙe kusa da shi, ka buɗe farin shafi, ka rage hasken da maɓallan jikin allon har farin biyu su yi kusan daidai. A ofis mai fitilun sama sau da yawa yakan tsaya tsakanin 30 da 50. Idan allon na haska fuskarka ya yi yawa, idan ya yi toka-toka kana matse ido ya yi kaɗan. Sai dai akwai tarko a nan. Wasu alluna, musamman tsofaffi da masu araha, idan an rage musu haske kunna fitilar baya da kashe ta suke yi da sauri, ido bai gani amma wasu mutane na jin ciwon kai. Ka kaɗa biro da sauri a gaban farin shafi. Idan ka ga inuwa ɗaya mai santsi, lafiya lau. Idan ka ga biro ya rarrabu gida-gida, allon na walƙiya. To sai ka ɗan ƙara hasken ka rage contrast, wato bambancin fari da baƙi, a madadinsa, kuma ranar da ofis zai sayi sabo ka ce a nemi mai rubutun Flicker-Free.

Maganin ɗigawa, a nan ina roƙonka da girman Allah ka yi hattara. Ka je saidaliyya, wato kantin magani, ka nemi hawayen roba, mai sodium hyaluronate ko carboxymethylcellulose. Idan za ka ɗiga fiye da sau huɗu a rana, ka sayi marar sinadarin adanawa, wanda ke zuwa a ƙananan robobi na amfani ɗaya, domin benzalkonium chloride da ke cikin na kwalba shi ma yana ƙara fusata ido idan ya yi yawa. Ka ɗiga tun da safe kafin yajin ya fara, ba sai ido ya yi ja ba. Maganin da ke sa ido ya yi fari nan take, mai naphazoline ko tetrahydrozoline, matse jijiyoyin jini kawai yake yi, yana sakinka jan ya dawo fiye da da. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne wanda abokin ɗaki zai miƙo maka ya ce shi ya yi masa aiki. Karanta jikin kwalbar. Idan ka ga dexamethasone, betamethasone ko prednisolone, mayar masa da abinsa. Yana sanyaya ido sosai, shi ya sa ake sonsa, amma cikin makonni yana iya ɗaga matsin cikin ido ya jawo gulukoma ba tare da ka ji zafi ba, kuma jijiyar ganin da ta mutu ba ta dawowa. Yana kawo yanar ido ma. Likita ne kaɗai ke ba da shi, da adadin kwanaki.

Da daddare ka jiƙa tsaftataccen ƙyalle da ruwan ɗumi, ba mai ƙuna ba, ka ɗora a kan ido a rufe minti 5 zuwa 10, yana hucewa kana sake jiƙawa, sannan ka ɗan murza fatar idon a hankali zuwa wajen gashin. A bakin fatar akwai ƙananan ƙofofi masu fitar da maiƙon da ke hana hawaye saurin bushewa, ɗumin ne ke narkar da wanda ya daskare. Masu sa kwalli a cikin bakin fatar, daidai kan ƙofofin nan suke shafawa, kuma an sha samun dalma a wasu kwallin kasuwa. Ka ɗan dakata da shi har ido ya lafa.

Ban ce filta ba ta da amfani ko kaɗan ba. Mai yiwuwa amfaninta a barci yake, domin haske da daddare yana jinkirta melatonin, sinadarin da ke sa jiki ya nemi kwanciya. Kuma kyauta take a cikin kwamfutarka. A Windows 10 ko 11 ka shiga Settings, System, Display, ka kunna Night light, ka ja ƙarfinsa zuwa inda farin ya ɗan yi ɗumi bai zama ja ba, ka sa ya riƙa kunna kansa daga magariba. Allo yakan zo a 6500K a ma'aunin ɗumin launi, da dare a sauke shi wajen 3400 zuwa 4500. A iPhone da Mac sunansa Night Shift, a Samsung Eye comfort shield. Ka kashe shi lokacin duba launin hoto. Amma gaskiya idan ka tashi daga aiki ka kwanta da waya a tafin hannu cikin duhu har ƙarfe biyu kana kallon bidiyo, babu filtar da za ta cece ka. Idon da ya yi awa goma yana aiki ka ƙara masa uku, a tazarar da ba ta kai kamu ɗaya ba. Na san kewar gida ce ke sa mu haka, sai dare ake samun yin magana da iyali. Ka yi kiran murya a maimakon bidiyo wasu ranakun, ka rufe ido kana hira.

Filtar ratayawa kuwa, mai ƙyalli ƙara maka matsala za ta yi, don za ka riƙa ganin fitilun ofis da farar rigarka a cikinta, ta rage haske kuma ka koma ka ƙara. Kashe allon ka zauna yadda ka saba. Duk fitila ko tagar da ka hango a baƙin gilashin, ita ce ke wahalar da kai. Ka juya allon taga ta koma gefenka, ba gabanka ba, ba bayanka ba. Idan ba yadda za a yi, sai a sayi filta marar ƙyalli daidai da incin allon. Tazara tsakaninka da shi santimita 50 zuwa 70, wato tsawon hannu. Saman allon ya yi daidai da idonka ko ƙasa kaɗan, saboda mai kallon sama yana buɗe ido sosai, hawaye ya fi saurin bushewa. Rubutu ya yi ƙanƙanta, kada ka matso, ka kai Scale da ke cikin Display, mai ƙara girman rubutu, 125 ko 150, ko ka danna Ctrl da alamar tarawa. Ka tabbata allon na kan ainihin ma'auninsa, galibi 1920 da 1080, kuma idan tsohuwar wayar VGA mai shuɗin kai ce ke haɗe da shi, a canza zuwa HDMI, sau da yawa ita ke sa bakin haruffa ya yi hazo. Fasfon da kake kwafa ka jingina shi a kan wani abu kusa da allon, a tazara ɗaya, ido ya huta da hawa da sauka.

Maganar hutu, kowane minti 20 ka kalli abu mai nisan mita 6 na daƙiƙa 20, ka ƙifta cikakkiya sau goma. Na san me za ka ce, a lokacin Ramadan da jerin fasfo a gabanka da mudir, wato shugaban ofis, a tsaye a kanka, wa ke da wannan sukunin? Masu ofis da yawa ba sa ganin ido a matsayin abin da ke gajiya, sai ranar da aka yi kuskuren lamba a zo ana faɗa. To ka ɗaura shi da aikin, duk fasfo biyar ko goma ka ɗaga kai ka kalli ƙarshen ɗaki. Lokacin sallah kuma ka bar wayar a aljihu, hutun idonka ne na gaske.

Ciwon goshin nan shi ne bai kwanta mini ba. Sau da yawa alama ce ta ido na buƙatar gilashin gani, ko ɗan ƙaramin astigmatizim, wato rashin daidaiton lanƙwasar ido, da ba ka lura da shi a titi sai a gaban ƙananan lambobi. Idan ka haura 40, ƙarfin ganin kusa yana raguwa ga kowa. Ka je asibitin ido a auna ka sosai, a duba matsin ido da bushewa, ka duba ko katin ta'aminka, wato inshorar lafiya, ya ɗauki awon. Kafin ka tafi ka auna tazarar idonka da allon da tef ka faɗa wa likita, domin gilashin karatu na santimita 40 ya yi wa allon da ke santimita 65 ƙarfi, zai sa ka riƙa sunkuyawa wuya ya kama ciwo. Idan an rubuta maka gilashi, shafen hana ƙyalli ya wadatar. Mai ciwon suga kuwa a duba bayan idonsa duk shekara ko ba ya jin komai. Idan gani ya ragu farat ɗaya, ko kana ganin walƙiya da baƙaƙen ɗigo masu yawa, ko wani duhu ya rufe gefe guda, ko abu ɗaya ya zama biyu, ko ido ya yi ciwo mai tsanani da amai, wannan ba gajiyar kwamfuta ba ce, a ranar za ka tafi sashen gaggawa.

Ka gyara iskar mukayyif da hasken allon gobe, ka fara hawayen roba da ɗumamawa, ka ba shi mako biyu. Ka rubuto mana shekarunka, incin allon, da ko kana sa gilashi ko lens da ake maƙalawa a ƙwayar ido a yanzu, don mai sa lens nasa maganin ɗigawar daban ne.