Kafin a ci bashi saboda hasashen dala

Wata Hajiya mai sayar da shinkafa da man girki a Aboabo, cikin Kumasi a ƙasar Ghana, ta rubuto cewa ɗanta ya saka mata manhaja a waya mai hasashen farashin dala na wata shida. Manhajar ta ce dala za ta hau. Tana tambaya ko ta ci bashi ta cika shago tun yanzu.

Hajiya, ki dakata da bashin nan tukuna. Ki fara gwada manhajar da shekarar da kika riga kika san yadda ta kaya.

Ɗauko littafin cinikinki na 2022, wanda kika yi ta soke farashin buhu da biro kina sake rubutawa. Kasafin kuɗin gwamnati na shekarar ya sa ran hauhawar farashi za ta tsaya a kashi 8 cikin ɗari. Ƙididdigar watan Disamba ta nuna kashi 54.1. Dala ta shiga shekarar a wajen sidi 6, ta haura 14 a Nuwamba. Ƙwararru ne fa suka yi wancan lissafi na kasafin.

Ki sa yaron ya ba manhajar alƙaluman da suka tsaya a Disambar 2021 kaɗai, sannan ya tambaye ta farashin dala na Yunin 2022. Wannan sharaɗin ne ya fi damuna. In an riga an zuba mata bayanan 2022, dole ta ci, kamar ɗalibin da ya ga takardar jarrabawa tun daren jiya. In ba ta yarda a gwada ta haka, ki nemi hasashen da masu ita suka fitar a baya, da kwanan wata a jiki.

A maimaita da 2025, lokacin da abin ya juya: dala ta sauko daga sama da sidi 15 a Afrilu zuwa wajen 10 a ƙarshen Mayu. Wanda ya tara kaya da bashi kafin nan, a hannunsa suka karye.

Sai ki ajiye amsoshinta kusa da hasashe mafi sauƙi, wato farashin yau shi ne na gobe. In ba ta fi wannan kusa da gaskiya ba, ba ta ƙara miki komai ba.

Kafin ki gama gwajin, ki sari abin da za ki iya sayarwa cikin wata ɗaya ko biyu, da kuɗin hannunki.